MOTAR ƘUNGIYA: MAI TSIMIN MAI KO MAI JA DA ƘAFA HUƊU?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a yau ƙungiyoyin gama kai da yawa suna tara kuɗi don su mallaki mota. Motar da aka fi so ita ce akori-kura, mai buɗaɗɗen baya. Ita ke kai albasa da gero da wake kasuwa. Ita ke kawo taki da dusa. Da dare kuma, in haihuwa ta zo da gardama, ita ke kai mace asibiti. Kuɗin mota miliyoyi ne, kuma gumin mutane da yawa ne. In an yi saye marar kyau, gari duka ne ya yi asara.

Da can zaɓi ba shi da wuya. Kowa ya san Peugeot 404 da 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Kowa ya san Toyota Hilux, wadda ta fara fitowa a shekara ta 1968. Yanzu kuwa dillali zai iya ce maka: « Wannan ibrid ce, ba ta shan mai. Waccan ta isansi ce, amma tana ja da ƙafa huɗu. » To, wace za a ɗauka? Bari mu bi maganar daki-daki.

MECE CE IBRID?

Ibrid mota ce mai inji iri biyu. Akwai injin isansi, wato fetur, irin wanda muka sani. Akwai kuma injin lantarki da babban batir. Su biyun suna taimakon juna, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya. In motar ta tsaya, injin isansi yana mutuwa da kansa. In tana tafiya a hankali, lantarki ne ke yawan tura ta. In direba ya taka birki, ƙarfin gudun yana komawa cikin batir ya cika shi. Irin wadda muke magana a kanta ba a jona ta da wutar gida. Isansi kawai ake zuba mata.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Kamfanin Toyota ya fara sayar da irinta da yawa a ƙasar Japan tun 1997, da wata ƙaramar mota mai suna Prius. Daga baya ne dabarar ta shigo cikin motocin ɗaukar kaya.

MENE NE JA DA ƘAFA HUƊU?

Kowace mota tana da ƙafa huɗu, amma ba duka ke aiki ba. A wata, ƙafafun gaba ne ke ja. A wata, na baya ne ke turawa. Sauran biyun bi kawai suke yi. In masu aikin suka nutse cikin rairayi ko laka, mota ta kafe.

Ja da ƙafa huɗu iri biyu ne. Na farko shi ne kat-kat na ainihi, irin na Land Cruiser da Hilux. Yana da ƙaramar giya ta musamman, wadda ke sa mota ta tafi a hankali da ƙarfi sosai. Na biyu ba shi da wannan giya. Ƙafafun gaba ne ke ja kullum. Sai sun fara santsi sannan na baya su kawo taimako da kansu. Wannan yana da amfani a hanyar burji da damana. Amma a rairayi mai zurfi, da kaya a baya, bai kai kat-kat ba.

Ku lura da kyau. Maganar ibrid maganar inji ce. Maganar ƙafa huɗu maganar ja ce. Tambaya biyu ke nan, kowace da amsarta.

MISALI DAGA AMURKA

A ƙasar Amurka ne wannan zaɓi ya fi fitowa fili. A 2021 kamfanin Ford ya fito da wata ƙaramar akori-kura mai suna Maverick, wadda ake ƙerawa a ƙasar Meziko. Ƙirar 2022 ta zo iri biyu. Ibrid ita ce mai araha: farashinta ya fara daga dalar Amurka 19.995. Amma ƙafafun gaba kaɗai ke jan ta. Wanda yake son ƙafa huɗu sai ya ɗauki mai injin isansi zalla, ya ƙara fiye da dalar Amurka 3.000. A ƙirar 2023 da ta 2024 ma, ƙafafun gaba kaɗai ke jan ibrid. Mai saye dole ya bar ɗaya: ko tsimin mai, ko ja da ƙafa huɗu. Sai a ƙirar 2025 kamfanin ya fito da ibrid mai ƙafa huɗu.

Me ya haɗa mu da wannan? Motoci da yawa da ke kan hanyoyinmu sun fara aiki ne a Amurka ko a Turai. Sai bayan wasu shekaru suka iso ta tashoshin bakin teku, kamar Lome da Kotono. Mu tsofaffin ƙira muke saye. Saboda haka zaɓin da ya dami mai saye a can jiya, shi ne zai iya tarar da mai saye a nan.

MU YI LISSAFI

Hukumar Amurka mai awon shan mai ta gwada ƙirar 2022. Ga abin da kowace ke sha a tafiyar kilomita 100:

Cikin gari: ibrid lita 5 da rabi, ta isansi mai ƙafa huɗu kusan lita 11.
Kan doguwar hanya: ibrid lita 7, ta isansi lita 8.
In an haɗa biyun: ibrid lita 6 da rabi, ta isansi lita 9 da rabi.

Kun gani? Cikin gari ibrid rabin mai take sha. Dalili shi ne yawan tsayawa da yawan taka birki, waɗanda ke cika batir. Kan doguwar kwalta kuwa ba a yawan taka birki, don haka bambancin kaɗan ne. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kamar kilomita 240 ne. Ibrid za ta sha lita 17, ɗayar lita 19 da ƴan kai. Tsimin bai kai lita 3 ba.

Yanzu mu duba shekara guda. Mu ɗauka motar ƙungiya tana yin kilomita 20.000, wani cikin gari, wani kan hanya. Bambancin lita 3 ne a kowane kilomita 100. Wato lita 600 a shekara. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi daga 540 F zuwa 499 F. Don sauƙin lissafi mu ce 500 F, wato dala ɗari. Lita 600 sau 500 F ya ba da 300.000 F, wato jika 300. Wannan kuɗi ne na gaske. Zai sayi buhunan taki masu yawa.

Sai dai a tuna, an yi wannan awo ne bisa tafiyar hanya mai kyau, babu kaya masu nauyi. Cikin rairayi, da buhuna a baya, duka biyun za su sha fiye da haka.

HANYA ITA CE ALƘALI

Jika 300 a ɗaya gefe, kafewa a ɗaya gefen. Wanda garinsa ke bakin babbar kwalta, tsakanin Birnin Ƙonni, Galmi, Madawa, Maraɗi da Tasawa, zai iya shekara bai nemi ƙafa huɗu ba. Mai kai madara da kayan lambu cikin Yamai ko Tawa kullum safe, shi ne ya fi kowa cin ribar ibrid.

Amma duba ƙauyukan Dakwaro, Mayahi, Tanut da Abalak. Can rairayi ne sarki. Duba kuma garuruwan da ke ƙetaren Gulbin Maraɗi, Gulbin Kaba ko kwarin Magiya. Da damana ruwa da laka ke tare hanya. Motar da ta kwana a laka da tumatir a bayanta, ribar shekara ta tafi a dare ɗaya. In kuwa marar lafiya ne a ciki, asarar ba ta lissaftuwa da kuɗi.

A duba tsayin cikin mota daga ƙasa. Na Maverick kamar santimita 21 zuwa 22 ne. A hanyar da manyan motoci suka yi wa kwari biyu da tudu a tsakiya, cikinta zai iya zama kan rairayi. In ciki ya zauna, ko ƙafa huɗu ba su fitar da ita.

NAWA TAKE ƊAUKA?

Duka biyun kamar kilo 680 suke ɗauka. Wannan nauyi har da mutanen da ke ciki. In an cire direba da yaron mota, saura kamar kilo 540. Buhu biyar ke nan na gero mai kilo 100. Hilux tana ɗaukar kusan tan ɗaya. A wajen jan tirela a baya, ibrid ta 2022 tana jan kilo 900. Ta isansi mai ƙafa huɗu, in an yi mata shirin ja na musamman, tana kai kilo 1.800. Lodin da ya wuce kima yana karya mota, kowace iri ce.

WA ZAI GYARA TA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. Ibrid tana da batir biyu: ƙarami irin na kowace mota, da babba mai wuta mai ƙarfi. Wayoyin babban launin ruwan lemo ne. Wutarsu tana iya kashe mutum. Kada wanda bai koya ba ya taɓa su. Batir kuma ba ya son zafi, ga shi a watan Afirilu da Mayu zafinmu yana wuce awo 40. A Amurka kamfanin yana lamunin kayan ibrid shekara 8 ko kilomita 160.000. Wanda ya saya a hannun dillali a nan kada ya dogara da wannan lamuni.

Ta isansin ma tana da nata sharaɗi. Injinta na zamani ne, yana son mai tsabtatacce. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, in da ƙura ko ruwa a ciki, yana lalata shi. Tun Nuwamba 2011 matatar SORAZ ta Damagaram take tace mai a ƙasarmu. A sha a gidan mai shi ya fi.

Duka biyun ba a tura su su tashi, domin giyarsu mai canza kanta ce. Duka biyun sai an jona musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu. An yi Maverick ne don kasuwannin nahiyar Amurka, saboda haka kayan gyaranta daga nesa za su zo. Motar da ta yi wata biyu tana jiran ƙarfe ɗaya lokacin kaka, ba ta yi wa kowa tsimi ba.

AKWAI WATA IBRID

A 2024 Toyota ta fito da Hilux mai injin gazuwal da ɗan ƙaramin batir mai taimako. Ita ma ana kiran ta ibrid, amma lantarkinta ba ya tafiyar da ita shi kaɗai. Taimaka wa inji kawai yake yi wajen tashi. Tsiminta kaɗan ne, bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Amfaninta shi ne kat-kat ɗinta yana nan da ƙaramar giyarsa. In dillali ya ce « ibrid », a tambaye shi wace iri.

KAFIN A BIYA KUƊI

Matambayi ba ya ɓata. Ƙungiya ta zauna ta amsa waɗannan:

1. A cikin kilomita 100 da motar za ta yi, nawa ne kwalta, nawa ne rairayi ko laka?
2. Waɗanne ƙafafu ke ja? A leƙa ƙarƙashin mota a gani da ido. Akwai ƙaramar giya?
3. Buhu nawa za ta ɗauka a sawu ɗaya?
4. Wane bakanike ne ya san ta? Kilomita nawa ne zuwa garejinsa? A je da shi ranar saye.
5. Ina ake samun kayan gyaranta, kuma kwana nawa suke yi kafin su iso?
6. Ta taɓa yin haɗari ko ta nutse a ruwa? Wasu motocin da ake fitowa da su daga Amurka irin waɗannan ne. Ruwa yana yi wa kayan lantarki mugun lahani.

Kada a yi cinikin biri a sama. A ɗora wa motar buhuna, a bi da ita hanyar garinku, wurin da ya fi muni.

Ƴan uwa, ga taƙaitawa. Mai aiki cikin gari da kan kwalta, wanda ke da bakanike masani kusa, ibrid za ta bar masa kuɗi a aljihu. Mai bin burji da ɗan laka, ƙafa huɗu sun fi masa tsimin mai. Wanda hanyarsa rairayi ce mai zurfi, ya nemi kat-kat na ainihi, irin wanda makanikan kasuwarsa suka sani. A karanta wannan shafi a taron ƙungiya, kowa ya kawo lissafinsa kafin a buɗe asusu.