Maɗaciya Ba Ta Motsi Sai Hanji Ya Aiko

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci ranar layya ya ga yadda yake lallaɓa wuƙa idan ya iso hanta. Akwai wata 'yar jaka koriya maƙale a ƙarƙashinta, in ta fashe ɗacinta ya ɓata naman. Maɗaciya ke nan. Mu yar da ita muke yi, amma a jikin mai rai ruwanta ne ke farfasa maiƙo, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya.

Hanta ce ke haɗa ruwan dare da rana, kusan rabin lita ko fiye a kullum. Maɗaciya rumbu ce kawai, mai cin kimanin mililita 50. To, wa ke gaya mata lokacin buɗe rumbun?

Hanji ne. A 1902, a Landan, William Bayliss da Ernest Starling suka yanke jijiyoyin wani sashe na hanjin kare, suka zuba ruwan tsami a ciki, amma saƙon da hanjin ke aikawa bai fasa isa ba. Ashe ta jini ɗan aiken ke bi. Suka raɗa masa suna sikiritin, homon na farko da aka gano. Idan tsamin ciki ya gangaro hanji, shi ke sa magudanan hanta su ƙaro ruwa mai kashe tsami, aikin da uwargida ta san kanwa da shi.

Ɗan aike na biyu kuwa, kolesistokinin, Andrew Ivy da Eric Oldberg suka gano shi a Amurka a 1928. Da zarar maiƙon tsire ko man shanu ya shiga farkon ƙaramin hanji, sai a sake shi, ya matse maɗaciya, ya sassauta tsokar da ke tsare ƙofar hanji, ruwan ya kwararo. Can ƙarshen ƙaramin hanjin jiki yake tsotse kusan kashi 95 cikin 100 na gishirin wannan ruwa ya mayar wa hanta, tare da wani homon, FGF19, mai ce mata ta rage haɗa sabo.

Shi ya sa mai tsakuwa a maɗaciya ke jin azaba ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo: kolesistokinin ya ce a matsa, tsakuwa ta toshe hanya. Masu irin wannan ciwo kan ɗauka olsa ce, su yi ta shan magani. Idan yana dawowa bayan cin kitse, musamman in ido ya fara rawaya, a garzaya asibiti a ɗauki hoton ciki.