Ko Ka Sani? Farantin Milimita Ɗaya da Ke Sassauta wa Inji

Duk wanda motarsa ta taɓa yin zafi har tof silinda ta lanƙwashe ya san abin da bakanike zai ce: a kai ta a kankare. Fuskarta za ta daidaita kam, amma ɗan ɗakin da fistin ke matse iska da fetur a cikinsa ya ƙara ƙanƙancewa. Matsi ya hau ke nan.

Idan matsin ya fi ƙarfin man, ragowar cakuɗen da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Direba zai ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu da kaya. Wannan daban yake da bugawar da rashin baƙin mai ke jawowa, sai dai in aka yi sakaci da shi har fistin yakan huda.

A nan shim ke shigowa. Siririn faranti ne na ƙarfe ko jan ƙarfe, mai fasalin gasket, da ake shimfiɗawa tsakanin bulok da tof silinda don ya ɗaga ta kaɗan. Wanda ake sa wa tof ɗin da aka kankare sau da yawa rabin milimita ne kacal.

Kada ƙanƙantarsa ta sa a raina shi. A ɗauki inji mai lita 2 da silinda 4, faɗin kowace milimita 86, matsinsa 10:1. Kowace silinda tana zuƙar cc 500, ta cusa su a ɗaki mai cc 55 da ɗoriya. Farantin milimita ɗaya zai ƙara wa ɗakin kusan cc 6, matsin ya sauko wajen 9.1:1. Da wannan lissafin masu ɗora turbo a kan injin VR6 na Volkswagen, a Jamus da Amurka, ke sa faranti maimakon sayen sababbin fistin masu tsada. Shi ma kamfanin, a injinsa na dizal 1.9 TDI, kauri uku ya yi wa gasket, ana gane su da huda ɗaya, biyu ko uku a gefe.

Amma sauƙin ba kyauta ba ne. Tazarar kan fistin da tof ita ke watsa cakuɗen ya ƙone da sauri. In ta buɗe da yawa, ƙarar da ake gudu na iya dawowa. Taimin ma yakan ɗan goce, kuma wurin da yoyo zai iya ɓullowa ya ƙaru. Bakaniken da ya sa shim bai auna ba, caca ya yi da injin mutane.

Kamfanin Saab ya so ya raba gardamar yawan matsi da ƙarancinsa. A baje kolin motoci na Geneva na 2000 ya nuna inji mai kan da ke karkata yana tafe, matsi na sauyawa tsakanin 8:1 da 14:1. Bai shiga kasuwa ba. Nissan ne ya fitar da nasa a 2018, cikin Infiniti QX50, shi kuma tsayin da fistin ke kaiwa yake sauyawa.