Yis Ɗin Burodi Na Iya Rage Kuɗin Haɗa Magungunan mRNA

Masana harhaɗa magunguna a Turai sun duƙufa wajen gwada ko za a iya amfani da yis, irin wanda a ke kumbura burodi da shi, wajen samar da sinadarin mRNA a farashi mai rahusa. Shi dai wannan sinadari saƙo ne da a ke aika wa ƙwayoyin halittar jiki, ya umurce su da su ƙera wani furotin da a ke buƙata. Da shi ne kamfanonin Pfizer da BioNTech da kuma Moderna suka yi alluran riga-kafin cutar korona da aka fara amfani da su a watan Disamba na 2020.

A halin yanzu ba a cikin halitta mai rai a ke yin sa ba. A cikin tukunyar masana'anta a ke zuba kwafin DNA, da wani inzayim mai suna T7 da ke kwafe saƙon, da tubalai huɗu da a ke gina shi da su. Bayan haka sai an ɗora masa wata “hula” a kai, in ba haka ba jiki ba zai karanta shi ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya sayen sa a ke yi a tace, wasu kuma na ƙarƙashin haƙƙin mallakar kamfanoni ƙalilan, abin da ya sa tsadar ta taru a nan.

Shi kuwa yis, sukari da gishirin ma'adinai ya ke ci, kuma da kansa ya ke ƙera inzayim ɗin da tubalan, ya ɗora wa saƙon hula da jela kamar yadda ƙwayar halittar ɗan Adam ta ke yi. Masana'antu ma sun saba da shi. Tun 1986 a ke yin riga-kafin ciwon hanta nau'in B a cikinsa, haka nan kamfanin Novo Nordisk na yin insulin da shi. Riga-kafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda aka fara bai wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, shi ma da wani nau'in yis a ke haɗa shi. Shirin bincike na Yscript, wanda Tarayyar Turai ta ba kuɗi, da kamfanin bYoRNA na Faransa na cikin masu bin wannan hanya.

Sai dai wahalar tana wajen tacewa. Yis na da ƙwayoyin gado kimanin 6,000, dubbai daga cikinsu na aika nasu saƙon, kuma yana da sinadaran da ke narkar da RNA cikin mintoci. Dole a tsamo saƙo guda daga cikin wannan taro ba tare da ya lalace ba, kuma kuɗin tacewar na iya cinye rangwamen da aka samu. Akwai kuma batun gyararren tubalin nan da ke hana jiki yaƙar saƙon, wanda binciken da ya kai ga amfani da shi ya jawo wa Katalin Karikó da Drew Weissman lambar Nobel a 2023. Yis ba ya sa shi yadda a ke yi a tukunya. Har yanzu ba a amince da wani maganin mRNA da aka yi a cikin yis ba.

Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka 6 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓa a Fabrairun 2022 domin karɓar fasahar mRNA daga cibiyarta da ke Afirka ta Kudu. Ga masana'antar da za ta riƙa sayo kayan haɗi da dala, hanyar da ta dogara da sukari za ta rage dogaro ga kayan waje, muddin aka shawo kan batun tacewar.