Daga Duwatsun Damagaram Zuwa Rairayin Mallawa: Abin Da Ke Ƙarƙashin Kasuwanninmu

Duk wanda ya saba bin motar kasuwa daga Mallawa zuwa Dungas, ya zarce Magarya, ya san abin da ke wahalar da direba a wannan yanki shi ne rairayi. Mota ta kafe, a sauka a tura, a sake hawa. Amma da zarar an miƙi hanyar arewa an doshi birnin Damagaram, sai ƙasa ta sake kama, a fara hango manya-manyan duwatsu sun hau kan juna kamar an jibge buhunan gero, har cikin unguwar Birni inda gidaje ke jingine da su. Masana ilimin ƙasa suna kiran irin waɗannan duwatsu da wata kalmar Jamusanci, inselbag, wadda ma'anarta ita ce tsibirin dutse. Sunan ya dace, domin kuwa tsibirai ne, sai dai abin da ya kewaye su yashi ne maimakon ruwa. Irinsu ne Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi ta Zamfara da duwatsun Macina ta jihar Yobe.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mai sayar da kanwa ko mai tuyar ƙosai da tarihin dutse? To, ruwan da take dama kunu da shi, da tukunyar da take zuba shi, da kanwar da ke kan faifanta, duk daga nan suka samo asali.

A lissafin masana, gindin ƙasar Damagaram da Muniyo wani tsohon dutse ne da ya kai shekara kusan miliyan 600. Daga baya narkakken dutse ya riƙa tasowa daga can ƙasa yana kutsawa cikinsa, ya huce a hankali ya zama dutsen da ake kira giranit. Abin sha'awa shi ne waɗannan duwatsu na baya-baya sun jeru a layi ɗaya daga arewa zuwa kudu. Na Abzin su ne manya, sun haura shekara miliyan 400. Na Damagaram da Gure suna wajen miliyan 300. Na Jos su ne 'yan auta, yawancinsu ba su kai miliyan 200 ba. Dangi ɗaya ne, shi ya sa kuzar da ta tara jama'a a Jos tun zamanin Turawa ake samun irinta a Elmeki ta ƙasar Abzin.

Idan aka fasa giranit aka duba da kyau za a ga ƙwayoyi iri uku. Akwai mai haske kamar gilashi, wato ƙanƙara. Akwai fari ko ja-ja wanda ya fi yawa, masana na ce masa felsfa. Sai kuma 'yan ɓaɓɓaku ko masu walƙiya da ke ɓarewa falle-falle, su ne maika. Dutsen niƙa mai kyau yana cin hatsi ne saboda taurin waɗannan ƙwayoyi ba ɗaya ba ne, fuskarsa takan daɗe da kaushi, in ta yi sulɓi kuma a sassaƙe ta ta dawo. Injin niƙa ya karɓe yawancin wannan aiki, amma har gobe akwai tsofaffin da ba su yarda da kayan miyar da ba a niƙa a kan dutse ba, mu ma kuma ba mu ga laifinsu ba.

Rana da ruwan sama ba sa barin dutse ya huta. Felsfa ce ke fara ruɓewa, ta zama laka da yumɓu, ruwa ya kwashe ya tara a fadama, inda masu ginin tukwane ke zuwa ɗiba. Ƙanƙara kuwa ba ta ruɓewa, sai dai ta farfashe ta zama yashi. Wato ke nan randar da ke rumfar mai fura da rairayin da ya kafe motar kasuwa, daga irin wannan dutse suka fito.

To yaya aka yi yashin ya taru haka a Magarya da Dungas? Kimanin shekara dubu 20 da suka wuce an yi wani dogon fari da hamada ta gangaro kudu sosai, iska ta tara tuddan rairayi har cikin ƙasar Kano. Wani masani ɗan Ingila mai suna Grove ya yi rubutu a kan waɗannan tsofaffin tuddai na ƙasar Hausa a 1958. Da damina ta dawo, ciyawa da itatuwa suka riƙe su suka zauna wuri ɗaya, su ne jigawar da muke shuka gero da wake da riɗi a kai. Daga baya ma ruwa ya yi yawa, har Tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan dubu 350 wajen shekara dubu 7 da suka shige. Busasshen gindin wancan tafki, a wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi, shi ne ke aiko mana da yawancin farar ƙurar da ke rufe kayan tireda a lokacin hunturu. Abin lura a nan shi ne saiwar itace ce kawai ke riƙe da jigawa. Inda aka sare itatuwa aka bar ta tsirara, takan tashi ta ci gaba da tafiyarta, kamar yadda mutanen Gure suka gani da idonsu a kwaruruka da dama da yashi ya binne.

Wannan rairayi da muke tsinewa a hanya, shi ne kuma rumbun ruwanmu. Ruwan sama na nutsewa cikinsa ya zauna, shi ya sa a kwarin Korama ake samun wuraren da ba a yin nisa da haƙa sai a tarar da ruwa, ga rake ga rogo ga kayan lambu na fita zuwa kasuwannin Bande da Waca da Magarya, wasu har su tsallaka iyaka zuwa Maigatari ranar Alhamis. Giranit kuwa ba ya shan ruwa, sai ɗan abin da ya maƙale a tsaguwarsa. Birnin Damagaram a kansa yake zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin Nijar daga can zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfon birnin ma daga wajen gari ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram.

Sai dai ruwan da ke kusa yana da tasa matsalar. Yadda yashi ke shanye ruwan sama, haka yake shanye abin da ya fito daga masai da kwatar mahauta da marina. Rijiyar da aka haƙa dab da waɗannan wurare ba ta dace da mai sayar da abinci ba, ko da ruwanta ya fito garau. Zurfi ma ba shi ne lafiya ba. A Tibiri ta kusa da Maraɗi an haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi a 1985, ashe ruwan na ɗauke da sinadarin fuloraid da ya narke daga duwatsun ƙasa fiye da kima. Shekaru aka yi ana sha kafin a gane, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da jajayen haƙora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1.5 a kowace lita, kuma ba a gane shi da ido ko da harshe, sai an kai ruwa an auna. Duk ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta mata da ta haɗa kuɗi za ta haƙa rijiya, ya kamata kuɗin awon ruwa ya shiga lissafi tun farko.

Mu dawo kan kanwa, wadda ita ce ta fi shafar iyayenmu mata. Ruwan da ya ratsa ruɓaɓɓen dutse yana tafe da gishirin da ya narke a cikinsa. Idan ya taru a kwarin da ba shi da mafita, rana ta shanye ruwan, sai gishirin ya rage a saman ƙasa fari fat. Haka kanwa ke tsirowa a kwaruruka na Muniyo da Manga, gabas da arewa maso gabas da mu, inda kuma ake dafa gishirin mangul. Ungurnu kuwa daga gaɓar Tafkin Cadi take zuwa. Wannan fatauci ya girmi kakanninmu. Bajamushen nan Barth ya ratsa Muniyo a ƙarshen 1852 a kan hanyarsa ta zuwa Damagaram, kuma ya ambaci tafkunan kanwar ƙasar. Jakuna da takarkarai sun yi ta jigilarta zuwa Kano, daga can ta bi fatake har Gwanja, a dawo da goro.

A Nijeriya an saba kiran kanwa da sunan fotash, amma awo ya nuna galibinta sinadarin sodiyam ne, wato dangin gishirin miya. Shi ya sa take nunar da wake da wuri, take ƙara wa kuɓewa da kuka yauƙi. Shi ya sa kuma yawanta ke da haɗari. Likitoci a Zariya, a shekarun 1970, sun lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke kasawa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Ba mu ce a daina sayar da kanwa ba, amma mai hawan jini da mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko take haki, ba kanwa ya kamata a ƙara musu ba, asibiti ya kamata a kai su.

Marmara kuwa, jan dutsen nan da ake zuba wa hanya, tsatsar ƙarfe ce ta taru ta daskare a zamanin da ake ruwa da yawa. A cikin irinta maƙeran da suka riƙa samun tama, har a Dutsen Dala na Kano. Man fetur shi kuma ba a neman sa cikin giranit, sai a shimfiɗaɗɗun duwatsun da laka da yashi suka haifar, irin na Agadem, inda ake turo ɗanyen mai zuwa matatar Soraz da aka buɗe a 2011.

Saura zinariya, wadda ta raba samari da yawa da gonakinsu tun da aka gano ta Jado a 2014. A watan Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman ta yankin Ɗan Isa, mutum 18 aƙalla suka rasu. A Zamfara kuma, a 2010, dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake dakawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400. Tun daga lokacin ba a rasa mai zuwa rumfa da ƙunshin dutse mai ƙyalli yana neman a ba shi jari. Kafin a kwance bakin zane, ga gwajin da ba ya cin ko dala. A ɗora ƙwayar a kan ƙarfe a buga da guduma: zinariya takan baje kamar dalma, makamanciyarta da ake kira firit kuwa sai ta farfashe ta zama gari. A goga ta a bayan farin tangaran inda ba a shafa masa ƙyalli ba: zinariya na barin zane rawaya, firit na barin baƙi mai ɗan kore. Idan kuma 'yan falle-falle ne masu walƙiya da farce ke iya ɓarewa, suna yawo a ruwan ƙwarya maimakon su nutse nan take, to maika ce, irin wadda ke cikin kowane dutsen niƙa.