Idan Aka Ce Baƙi Su Tattara Su Tafi, Wa Zai Tsaya Musu?

Babu gidan da za a shiga a birnin Kano yau a rasa jakar nan mai zane-zane da ake kira Gana-mas-go. Amare na zuba kayan lefe a ciki, 'yan makarantar kwana kuma nasu kayan. Amma 'yammata da yawa ba su san cewa sunan nan daga wani baƙin ciki ya samo asali ba.

Ran 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa a madadin gwamnatin Alhaji Shehu Shagari cewa duk baƙon da ke zaune a Nijeriya ba da takarda ba ya fita cikin mako biyu. Masu ƙwararrun sana'o'i aka ɗaga musu zuwa ƙarshen Fabrairu. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu mutanen Gana, sauran kuwa daga Nijar, Cadi, Kamaru, Togo da Benin. Kuɗin man fetur ya ja baya, aiki ya yi wuya, ga zaɓe na tahowa. Mu a nan Kano akwai wani dalili kuma: tun rikicin Maitatsine na Disamban 1980 a 'Yan Awaki, inda aka rasa rayuka fiye da 4,000, ake yi wa baƙo kallon tuhuma, domin shi Muhammadu Marwa daga Kamaru ya zo.

To, wa ya fi shan wuya? Duk wadda ta taɓa yin doguwar tafiya da goyo ta san amsa. Gana ta rufe iyakarta tun Satumban 1982, ba ta buɗe ba sai ƙarshen Janairu, saboda haka dubban mutane suka maƙale a hanya, wasu a bakin iyaka, wasu a tashar jirgin ruwa ta Apapa a Ikko, ba ruwa ba makewayi. Akwai masu ciki, akwai masu jego. Matar da ta shekara goma tana tara kwano da tukunya ta sayar da su a wulaƙance cikin yini ɗaya.

A wannan hali ne Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya ziyarci Kaduna a 1982, ya fito fili ya nuna damuwarsa, ya roƙi duniya ta kawo agaji. Coci-cocin Gana da ƙungiyoyin agaji na Katolika suka haɗa hannu da Red Cross wajen tarbar masu komowa da abinci da magani. Wannan taimako ne babba, amma a ganina ya zo bayan an riga an ɗaure kaya. Abin da ya fi amfani shi ne wanda ake yi tun mutum yana ɗakinsa.

Ku dubi abin da ya faru a Faransa. A 1996 'yan Afirka kimanin 300, yawancinsu daga Mali da Senigal, da matansu da 'ya'yansu, suka shiga cocin Saint-Bernard a birnin Faris suka zauna, suna neman takardar zama. Limamin cocin, Henri Coindé, ya ƙi sa hannu a takardar neman a fitar da su. Ɗaya daga cikin masu magana da yawunsu kuwa mace ce 'yar Senigal, Madjiguène Cissé. Ran 23 ga Agusta 'yan sanda suka sare ƙofar cocin da gatari suka kwashe su. Wata za ta ce ai ke nan an yi aikin banza. A'a. Hoton ƙofar nan ya zaga duniya, kuma da sabuwar gwamnati ta hau a 1997 ta sake duba maganar, har mutum kimanin 80,000 suka sami takarda. A Amurka ma, a 1982, wani coci a garin Tucson ya buɗe ƙofarsa ga masu gudun yaƙi daga El Salvador da Guatemala. An gurfanar da fastonsa John Fife, aka same shi da laifi a 1986, amma ƙarar da coci-coci suka shigar ta sa a 1991 gwamnati ta yarda a sake sauraron mutanen.

Watau dai bangon coci ba ya hana hukuma shiga. Abin da coci ke da shi, shi ne jama'a masu haɗuwa kowane mako, da asusu, da shugaba wanda in ya yi magana ana ji. Masallaci da Islamiyya ma suna da waɗannan.

Mu dawo gida. Coci-cocin Kano a Sabon Gari da kewaye suke, ba cikin ganuwa ba, kuma a can ne baƙi Kirista daga Gana da Togo da Kamaru kan yi ibada. Zumuntar mata ta kowane coci ta fi fasto sanin wadda mijinta ba shi da takarda, da wadda 'ya'yanta ba a yi musu rajista ba, domin mace ga mace take faɗa wa cikinta. Daga nan ya kamata aiki ya fara: a san su, a raka su ofishin shige da fice tun kafin wa'adinsu ya cika, a ware wani abu daga baiko don kuɗin lauya. In an kama mutum, a sami mai zuwa ya tambayi inda aka ajiye shi, a kai masa abinci, a kuma sami gidan da zai riƙe yaran kada su daina zuwa makaranta. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya saɓa wa doka.

Maganar takarda kuwa, kada wata ta ce ba ruwanta. A Janairun 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Jihar Borno, aka kai shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu a Maiduguri ta tabbatar masa da haƙƙinsa. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai sayar da ruwa? Tsarin mulkin 1999 ya ce yaron da uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba a ba shi wannan hanya ba. Don haka duk wadda ke auren mutumin Maraɗi ko Damagaram, ta karɓi takardar haihuwar 'ya'yanta daga Hukumar Ƙidaya ta adana a ƙasan akwati. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 kawai ta ba baƙo ba tare da biza ba, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, ko da yake a lokacin an ce zirga-zirga za ta ci gaba kamar da.

'Yan makaranta, ku tambayi kakanninku labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi mako biyu su fita. Hausawan zangon Kumasi da Ankara na cikin waɗanda aka koro, wasunsu a can aka haife su, ba su taɓa ganin Dala ba. Ku kuma tambaye su yadda aka yi unguwanninmu suka sami sunayen Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa da Ayagi.