Firizar uwargida ma kasuwa ce: girkin mako guda da mai kiwon kaji da kifi a Katsina



Tambayar da ta fi zuwa mani daga masu ƙaramin kiwo ita ce: "Kajina sun kai sati bakwai, ban samu mai saye ba, ya zan yi?" Yau ina so mu leƙa wata kasuwa da ba mu cika kallo ba, alhali tana nan kusa da mu: kicin ɗin gidajen ma'aikata a cikin birnin Katsina.

YADDA RANAR UWA MAI AIKI TAKE

Ku ɗauki malama mai koyarwa a firamare, ko nas mai aikin dare a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko matar aure da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a Kwalejin Hassan Usman da ke hanyar Dutsin-Ma. Tun asuba take tsaye. A yi wa yara wanka, a haɗa karin kumallo, a zuba abinci a kwando, a kai su boko. Ta dawo wajen ƙarfe biyu ko uku a gajiye, ga yara da yunwa, ga Islamiyya ƙarfe huɗu, ga tuwon dare yana jira. Idan sai a lokacin za ta aika kasuwa a sayo kaza, a yanka, a fige, a kai markaɗe, wallahi sai bayan isha'i za a ci.

Shi ya sa da yawansu suka koma girkin mako guda. Ranar Asabar ko Lahadi a yi markaɗe mai yawa, a soya miya tukunya guda, a tafasa nama, a raba a ƙananan robobi, a jera a firiza. Ranar aiki sai a ciro roba ɗaya, a ɗora shinkafa ko taliya, cikin minti 30 an gama.

Dabarar kanta tsohuwa ce a wurinmu. Iyayenmu suna soya naman layya ya yi watanni, suna yin dambun nama, suna shanya tumatir da kuɓewa su ajiye har damina. Abin da ya ƙaru kawai shi ne sanyi. Kuma duk gidan da ya kama wannan tsarin, kowane mako yana buƙatar nama gyararre. To wa zai kawo masa? Nan ne gurbinmu.

ABIN DA TAKE SO DAGA WURINKA

Wannan uwa ba ta da lokacin kaza mai rai. Tana so a kawo mata an yanka, an fige, an wanke, an yayyanka daidai tukunya. Ni yadda nake ba mutane shawara, a raba gida-gida:

• Leda ta cinyoyi da fukafukai, don miya da suya.
• Leda ta tsokar ƙirji, don dambu ko abincin kwandon yara.
• Leda ta wuya, ƙafafu da ƙashin baya, don romo da farfesu.
• Ƙundu da hanta daban, suna da masu sonsu.

Kowace leda rabin kilo ko kilo ɗaya, a rubuta nauyi da ranar yanka a jiki. Dalilin ƙananan ledoji shi ne, abin da aka narkar ba a son a yi ta mayar da shi firiza. Idan ka ba ta dunƙule guda na kilo uku, dole ta narkar da duka don ta ciri kaɗan. Ka wahalar da ita, ka kuma rage wa namanka inganci.

BARI MU YI LISSAFI

A karatun kasuwancin noma abu na farko da ake cusa mana shi ne, abinci ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon kaji. Buroila da ta kai sati bakwai zuwa takwas tana cin kusan giram 180 zuwa 200 a rana. Kaji 100 ke nan suna lashe kilo 18 zuwa 20 kullum. Buhu kilo 25 ne, don haka a sati guda na jiran mai saye an ƙone buhu biyar ko fiye. Ga shi a wannan shekarun nauyin da suke ƙarawa bai kai darajar abin da suke ci ba, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana kashe manyan ciki. Dillali ya san haka sarai, shi ya sa yake jan ƙafa har sai ka karya farashi da kanka.

Kazar da aka yanka aka daskarar ta daina cin abinci. Wannan ita ce babbar ribar firiza ga mai kiwo.

Amma a kula da farashi. Kaza mai rai kilo 2, bayan an cire gashi, jini, kai, ƙafa da kayan ciki, abin da ke saura kashi 70 zuwa 75 ne cikin 100, wato kilo 1.4 zuwa 1.5. A misali, a ce da rai za ka sayar da ita ₦7,000. Raba 7,000 da 1.45, ka ga kilo ɗaya ya tashi wajen ₦4,800 tun kafin ka saka ladan mai figa, leda, ruwa, wuta da kuɗin mai na kaiwa gida. Duk wanda ya sa farashin kilo ƙasa da haka, aikin banza yake yi. Ku saka naku farashin na yau a wannan lissafin ku gani.

ƘA'IDOJIN SANYI

Nan ne maganar take da nauyi, don abincin yara ƙanana ne a hannunka. Gida ɗaya ya yi gudawa saboda namanka, unguwa duka ta ji, kasuwar ta mutu.

1. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60. Nama ko dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje. Idan zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. A Katsina kusan kullum awa ɗayan ce tamu.

2. Firiza ta kai digiri 18 ƙasa da sifili. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su yake yi. Da zarar nama ya narke sun farka.

3. Kafin yanka a janye abinci awa 8 zuwa 12, a bar masu ruwa. Hanji zai zama babu kashi da yawa, ba zai fashe ya ɓata nama ba.

4. Idan ka ba su magani, duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalin, ka cika su kafin yanka. Dafuwa ba ta da tabbacin kawar da ragowar magani a nama.

5. Bayan gyara a tsoma kajin cikin ruwan ƙanƙara mai tsabta su huce, a tsane, sannan a ƙulla.

6. Kada a cika firiza da ɗanyen nama lokaci guda. Firiza mai lita 200 abin da za ta iya daskarar da kyau a kwana ɗaya bai wuce kilo 10 ba, wato kaji shida ko bakwai. Ka zuba 40 a tare, na gefe za su yi ƙanƙara, na tsakiya su kwana da ɗumi su fara wari. Gara a riƙa yanka kaɗan-kaɗan, a baza su, in sun daskare a tattara gefe guda.

MAGANAR WUTA

Na san abin da ke ranku: "Malam, ina wutar?" Gaskiya ne. KEDCO ce ke ba Kano, Katsina da Jigawa, kuma tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin layin Band A zuwa ₦225 kan yunit ɗaya, ko masu samun wutar ma suna jin jiki. Wanda ba ya kan wannan layin kuma, sai yadda ta yiwu.

Ga abin da ya kamata a sani. Firiza cike, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48 bayan ɗauke wuta. Mai rabi kuma awa 24. A zafin bazara ku rage wannan lissafin. Don haka duk gurbin da babu nama a cike shi da gorunan ruwa su daskare, su ne batirin talaka. A sayi firiza mai buɗewa ta sama, don sanyi ƙasa yake kwanciya, ba ya zubewa in an buɗe kamar mai tsaye. A ajiye ta a inuwa, a bar tazara tsakaninta da bango, a hana yara buɗe ta don ruwan sanyi.

Wata ƙaramar dabara: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora kwabo ko ƙaramin dutse a saman ƙanƙarar, a bar shi ciki. Ranar da ka tarar da shi a gindin kofi, ka san kayan sun narke sun sake daskarewa ba ka nan. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayarwa. Wanda ya saki gaba ɗaya ya yi ɗumi, a haƙura da shi, kada a sayar wa kowa.

In unguwarku wuta ba ta kai awa shida ko takwas a rana kuma ba ka da sola, shawarata kada ka ajiye kaya da yawa. Yanka da safe, kai wa mai shi kafin azahar. Firizarta ta yi ajiyar, kai ka yi gyaran.

MASU KIFI, BANDA CE FIRIZARKU

Tarwaɗa ta fi kaza sauƙi ta nan, don banda ba ta neman wuta. Kifin wata uku mai giram 250 zuwa 400 shi ne daidai. A hana shi abinci kwana ɗaya, a cire kayan ciki, a wanke yauƙin da gishiri, a jiƙa a ruwan gishiri kaɗan, a naɗe, a ɗora. A fara da wuta mai ƙarfi ya dahu, sannan a rage ya bushe a hankali. Gawayi ko busasshen itace mai ƙarfi za a yi amfani da shi. Ban da roba, ban da katako mai fenti. Cibiyar NSPRI mai binciken adana amfanin gona, wadda ke da reshe a Kano, ta ƙera tanda ta banda da ke raba kifi da baƙin hayaƙi, kuma maƙeranmu suna yin irinta.

Ku riƙe wannan: kilo 3 zuwa 4 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe sosai. Wanda bai saka wannan a farashi ba zai yi kuka. Wanda ya bushe ƙarau yana yin makonni a wuri mai iska. Mai ɗan laushi kuwa kwana biyu zuwa uku ne sai firiza, in ba haka ba ya yi fumfuna. Kuma don Allah kada a fesa wa kifi fiya-fiya ko wani maganin ƙwari don korar tsutsa. Guba ce, NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai.

Ga uwa mai sauri, kifi banda da aka cire wa ƙaya aka ƙulla a ƙaramar leda ya fi komai. Ta watsa a miyar kuɓewa ko faten wake, shi ke nan.

A NAMU GIDAJEN FA?

Mu ma masu kiwo iyaye ne, kuma yawancinmu muna haɗawa da wani aikin. Mata da yawa a cikinmu su ke ba kaji abinci, su ke girki, su ke raino. Ga abin da ke jure firiza da kyau: soyayyen markaɗe, miyar dage-dage, miyar taushe, miyar gyaɗa, farfesu, tafasasshen nama da romonsa, dafaffen wake, ƙullun ƙosai da na alala. Miyar kuka kuwa ruwan miyar za a ajiye da daddawarsa da namansa, ranar ci a tafasa a kaɗa kuka sabuwa. Minti goma ta isa.

Abin da ba ya so: dafaffen ƙwai yana zama kamar roba, ɗanyen ƙwai da ɓawonsa fashewa yake, dankalin turawa yana yin ruwa, latas da kokwamba kuma mutuwa suke.

Miya in ta sauka a raba ta a robobi marasa zurfi don ta huce da wuri, a bar ɗan fili a sama saboda tana kumbura in ta daskare. A firij kwana uku zuwa huɗu, a firiza wata biyu zuwa uku, amma da irin wutarmu ni ina cewa a cinye cikin sati biyu. Wajen narkarwa a sauke ta firij tun dare, ko a juye a tukunya kai tsaye. Kada a bar ta a rana. A ɗumama har ta tafasa ko'ina, kuma sau ɗaya. Shinkafa ta fi kowa rigima, in ta daɗe a waje tana yin gubar da ɗumame ba ya kashewa, gara a dafa sabuwa kullum tunda miya na nan.

TA INA ZA A FARA?

Nemi gida biyar zuwa goma: 'yan uwa, maƙwabta, abokan aikin matarka ko na yayarka. Buɗe masu rukuni a WhatsApp. A karɓi oda ranar Alhamis da Juma'a, a yanka Asabar da sassafe, a kai kafin su ɗora tukunya. Idan kana Ƙofar Ƙaura kada ka fara da kwastoman Ƙofar Sauri, kuɗin mai zai cinye ribar. Kama na kusa tukuna.

Sannan ka daidaita kiwon da odar. Maimakon 'yan tsaki 100 a tashi ɗaya, zuba 25 duk bayan sati biyu, kowane rukuni a ɗakinsa, kada a haɗa manya da ƙanana saboda cuta. Ta haka kowane mako kana da na yanka. Ka sa ran oda za ta yi sama a ƙarshen wata in albashi ya shiga, da kuma gab da azumi lokacin da kowace uwa ke cika firiza. Ka lissafa sati shida zuwa bakwai baya daga waɗannan ranakun, ranar zuba 'yan tsakinka ke nan.

Bashi kuma a yi hattara. Kuɗin kaza shi ne kuɗin buhun abincin gobe, a faɗa wa kowa haka tun ranar farko cikin mutunci.

Wanda ya taɓa gwada wannan a unguwarsu, ya gaya mana awa nawa suke samun wuta da yadda yake yi, sauran su ƙaru. Allah ya sa albarka a kiwonmu.