HUBERT OGUNDE: ƊAN SANDAN DA YA TUƁE KAKI YA HAU DANDALI

Idan ana batun wasan kwaikwayo a ƙasar nan, da wuya a tashi daga hirar ba a ambaci sunan marigayi Cif Hubert Ogunde ba. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya kafa ƙungiyar wasa ta zamani wadda ke cin abinci da wasan kaɗai, kuma shi ne mutumin da gwamnatin Turawa da ta 'yan ƙasa duka suka taɓa hana shi wasa saboda abin da yake faɗi a kan dandali.

An haifi Ogunde a 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu Ode, cikin Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa malamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa bokan Ifa ne. Saboda haka yaron ya tashi da kunnuwa biyu, ɗaya yana jin waƙoƙin coci, ɗaya yana jin gangunan gargajiya na Yarbawa. Ya fara da aikin koyarwa, sa'an nan a 1941 ya shiga aikin ɗan sanda.

Yana cikin wannan aiki ne a Ikko, a 1944, wani coci na 'yan Aladura da ke Ebute Metta ya nemi ya shirya masa wasa don neman gudummawa. Ya shirya wasa a kan labarin Adamu da Hauwa'u, aka nuna shi a zauren Glover. Maganar 'yan wasan duk cikin waƙa aka rera ta, ga kiɗa ga rawa. Jama'a suka yaba ƙwarai. Ba a daɗe ba Ogunde ya kafa ƙungiyarsa mai suna African Music Research Party, ya ajiye kaki da albashin gwamnati, ya rungumi sana'ar da a lokacin mutane ke ɗauka aikin 'yan iska ne.

Matsala ta farko da ya ci karo da ita ita ce ta mata. Iyaye ba su yarda 'ya'yansu mata su hau dandali su yi rawa gaban jama'a, balle su bi ƙungiya gari gari. Ogunde ya riƙa auren matan da ke wasa tare da shi, har gidansa da ƙungiyarsa suka zama abu guda. Haka suke loda ganguna da tufafi da fitilu a babbar mota, su yi watanni suna zagaya Nijeriya da Gana da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, yau a zauren gari, gobe a gidan silima ko filin makaranta.

Amma abin da ya ɗaukaka shi ya wuce rawa da waƙa. A 1945 ma'aikatan ƙasar nan suka yi yajin aiki na gama-gari har fiye da mako shida saboda tsadar abinci. Ogunde ya mai da wannan labari wasa mai suna Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa, kuma da ya kai shi Jos a 1946 hukuma ta tsayar da shi. A watan Nuwamba na 1949 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu, suka kashe mutum 21. Ogunde ya sake amsawa da wasan Bread and Bullet, ma'ana burodi da harsashi. Da ya kawo shi Kano aka hana nuna shi, wai kalmominsa na iya tunzura jama'a. Abin lura a nan shi ne, a zamanin da yawancin mutane ba su karanta jarida, wasan da ake gani da ido, a koma gida ana rera waƙarsa, ya fi kowace takarda ba masu mulki tsoro.

Wanda ya zaci Ogunde zai huta bayan samun mulkin kai ya yi kuskure. A 1964, lokacin da rikicin siyasa ya raba Jihar Yamma, Cif Obafemi Awolowo yana kurkuku, Cif Ladoke Akintola yana Firimiya, sai ya nuna wasan Yoruba Ronu a Badun, wato Yarbawa ku yi tunani. Labarin wani sarki ne wanda mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba. Akintola yana cikin 'yan kallo, ya gane inda aka dosa, ya tashi ya fita. Gwamnatinsa ta haramta wa ƙungiyar yin wasa a duk Jihar Yamma, inda nan ne babbar kasuwarta. Maimakon ya ba da haƙuri, Ogunde ya rubuta wani wasan mai suna Otito Koro, abin da Bahaushe ke cewa gaskiya ɗaci gare ta. Sai a 1966, bayan sojoji sun karɓi mulki, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi ya ɗage haramcin.

Daga nan sai duniya ta san shi. A 1967 ƙungiyarsa ta wakilci Nijeriya a bikin baje koli na duniya a Montreal ta ƙasar Kanada. Da silima ta fara janye 'yan kallo, ya bi su can, ya fito da fim ɗin Aiye tare da Ola Balogun, sa'an nan Jaiyesimi da Aropin N'Tenia da Ayanmo. A 1986 Gwamnatin Tarayya ta ɗora masa nauyin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa. Fitowarsa ta ƙarshe ita ce a fim ɗin Mister Johnson, wanda aka ɗauka a Arewa. Ya rasu a birnin Landan ran 4 ga Afrilu, 1990, bayan ya bar wasanni fiye da 50.

To, jama'a masu karatu, musamman samarinmu masu sha'awar wannan sana'a, ga abin dubawa. Ogunde bai taɓa raina dariya da rawa ba, don ya san da su ake tara jama'a. Amma in sun taru, sai ya gaya musu abin da ke damunsu, ko da kuwa hakan zai rufe masa kasuwa har shekara biyu. Gidansa na Ososa an mai da shi gidan tarihi, inda aka adana gangunansa da tufafin wasansa don masu zuwa su gani.